Kwanon Maƙwabci a Ciyayyar Babana

Edita, bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon a sakaya sunana, domin duk wanda ya taɓa cin abincin biki a garinmu zai iya gane ni tun bai kai tsakiyar shafi ba. A shekarun da zan ba da labarinsu, ni ce uwar girki a wani gari na ƙasar Zango, nan cikin masarautar Daura. Ina da shekara arba'in da 'yan kai, ina ɗakin mijina da 'ya'ya shida, kuma ba a ɗora tukunyar suna ko ta biki a unguwa uku ba tare da an aiko an kira ni ba. Ban yi boko mai nisa ba, a Islamiyya ma ba ni ce ta gaba ba, kyau kuwa ba a taɓa tare ni a hanya saboda shi ba. Hannu kawai Allah ya ba ni. In na kaɗa miyar taushe, mai wucewa ta bayan katanga sai ya rage sauri. Ina alfahari da wannan hannu fiye da yadda wata ke alfahari da gwal ɗinta, kuma ban taɓa ɗaukar hakan a matsayin aibi ba.

Ni ce 'yar fari a gidanmu, sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce uwata. Baba bafatake ne na shanu, daga kara, wato kasuwar dabbobi, ta Babban Mutum zuwa ta Mai'aduwa babu inda ba a san shi ba. Mutum ne ƙaƙƙarfa mai cin abinci da gaske, wanda in babu man shanu a miya sai ya tambaya ko makoki ake yi. Tun da Inna ta rasu na ɗauki abincinsa a kaina. Shekara takwas, rana da dare, kwanonsa daga murhuna yake fita, domin masallaci ne kawai ya raba gidan aurena da gidanmu. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne ciyayya. Bayan magariba dattijai biyar ne ke shimfiɗa tabarma a ƙofar gidanmu, kowa ya fito da kwanon gidansa, a jera, a ci ɗaya bayan ɗaya. A al'adar wannan tabarma ba a janye hannu daga kwanon wani, domin yin haka kamar raina gidan mutum ne. Kwanona shi ake ajiyewa ƙarshe don a rufe baki da daɗi, kuma washegari matan dattijan da kansu suke kawo mini labarin, wasu da dariya, wasu da ɗan cizon yatsa.

Ana nan sai autanmu ya yi aure. Direban mota ne, yana jigila tsakanin Daura da ƙauyuka, ya auro wata yarinya 'yar cikin garin Daura, suka zauna a sashen da ke cikin gidan Baba. Siririya ce, mai sanyin murya, in ta gaishe ka sai ka matso kafin ka ji. Ranar da na fara ɗanɗana miyarta sai da na fita bayan ɗaki na yi dariya har da hawaye. Gishiri kamar an yi masa rowa, mai kuwa sai ka sa tabarau kafin ka gan shi. Na dawo na shafa kanta na ce ta kwantar da hankalinta, a hankali za ta koya. A lokacin har sonta nake yi, irin son da ake yi wa wanda aka tabbata ba zai taɓa kamo ka ba.

Ba a yi shekara da auren ba Baba ya fara sauyawa. Ya riƙa shan ruwa kamar raƙumi, yana yawan zagayawa, rigunansa suka fara yi masa yawa. Wata ranar kasuwa jiri ya kwashe shi a tsakiyar kara, abokan sana'a suka kai shi asibiti a Daura. Aka ce ciwon suga ne, ga kuma hawan jini. Likita ya ba da magani, ya kuma ce rabin maganin yana cikin tukunya. A nan ne amarya ta buɗe baki, abin da ba ta saba ba, ta ce ta san wannan ciwo ciki da waje, domin ita ta yi jinyar mahaifiyarta da shi tun tana 'yar makaranta, kuma har yanzu tsohuwar tana nan da ƙafafunta. Bayan kwana biyu ƙanina ya zo gidana, ya durƙusa ya gaishe ni, ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya ce yana roƙon in ɗan dakata da aika abincin Baba har jikinsa ya daidaita. Na ce masa to, Allah ya ƙara sauƙi. Yana fita na ɗora tukunya, na tuƙa tuwon shinkafa na aika, don a san ba a sallamar uwar girki da baki.

Washegari da hantsi sai ga amarya da kanta ta yi sallama, ɗauke da kwanona a wanke tas. Ta durƙusa, ta ce Baba yana godiya, an ba masu aikin gona sun ci sun sa albarka. Da yake ba a mayar da kwano wofi, sai ta zubo mini kwaɗon zogale a ciki. Har yau ina jin zafin da na ji a ƙirjina da na buɗe murfin nan. Abincin da na yi wa ubana an ba 'yan ƙwadago, ni kuma an biya ni da ganye. Na yi mata murmushi, na ce Allah ya yi albarka. Ko ƙofar gida ba ta kai ba na juye wa awaki.

Da jikin Baba ya ƙi daɗi a hannunta, wallahi da na yafe mata. Abin da ban iya yafewa ba shi ne ya samu sauƙi. Tana tuƙa masa tuwon dawa ko na alkama ɗan malmala ɗaya, miya kuwa ta kuka ko kuɓewa ko zogale, ta cika kwano da ita, daddawa a maimakon dunƙule, mai cokali ɗaya. Da rana wake da alayyahu, ko kwaɗon rama, wani lokaci kifi. Furarsa babu sukari, shayinsa babu sukari, lemon kwalba kuwa ta hana shi shiga gidan gaba ɗaya. Cikin wata uku mutumin da aka ɗauko ranga-ranga ya koma kasuwa, yana taka ƙasa da ƙarfi. Kullum da safe takan ɗauko wata 'yar na'ura ta tsaga masa ɗan yatsa ta gwada jininsa. Na taɓa shiga na tarar da ita riƙe da hannunsa, suna duba lambar tare suna dariya. Na je wurin gwaggonmu, ƙanwar Baba, na ce duniya ta zo ƙarshe, suruka ce yau ke riƙe hannun surukinta babu kunya babu tsoron Allah. Amma ba kunyar ce ta dame ni ba. Dariyar ce ta dame ni, domin da ni yake yin irinta.

Baba kuma bai taimaka ba, Allah ya ƙara masa lafiya. Ya laƙaba mata suna likita. In na je gaishe shi, kafin in gama zama ya fara ba ni labarin abin da likita ta dafa jiya, da yadda bai taɓa sanin rama tana da daɗi haka ba. A ciyayya ya gaya wa abokansa cewa an kafa masa doka, su yi masa uzuri, kwanonsa kaɗai zai riƙa ci. Dattijan suka yi masa uzuri, har suka fara sa hannu a nasa suna cewa ai wannan ba ya nauyi a ciki. Ranar da na ji cewa ɗaya daga cikinsu, mai fama da hawan jini, ya tura matarsa ta je ta koyi miya a wurin amarya, ban iya cin abinci ba. Matar nan shekara goma tana zuwa gidana da ƙoƙon roƙon yaji. Yau ta wuce ƙofata ta shiga wurin yarinyar da na girme wa da shekara ashirin. Kishi nake yi, kishi tsirara, amma a lokacin sunan da na ba shi tausayin uba.

A cikin dattijan akwai aminin Baba, wanda suka yi kiwo tare tun suna yara, gidansa na jikin namu. Matarsa tsohuwa ce mai fama da sanyin ƙashi, tuƙin tuwo yana ba ta wuya, 'ya'yansu mata duk sun yi aure nesa. Wata rana ina tankaɗe sai dabara ta faɗo mini, kuma na san ba daga Allah ta zo ba, domin sai da na waiga ko wani ya ga fuskata. Na yafa mayafi na je na same ta, na ce Inna, na ga kina wahala, daga yau na ɗauke miki girkin dare saboda Allah. Na roƙe ta kada ta gaya wa kowa, domin sadakar ɓoye ta fi lada. Tsohuwar nan ta kama hannuna tana kuka tana sa mini albarka, ni kuma ina sunkuyar da kai kamar mutuniyar kirki. Lissafina a fili yake. Baba zai iya ba kowa haƙuri a tabarmar nan, amma ba zai iya mayar da tayin amininsa sau uku ba. Amarya tana iya tsare ƙofar madafinta, amma ba ta da iko da abin da ke fitowa daga gidan maƙwabci, kuma mace ba ta leƙa tabarmar maza.

Haka aka fara. Kullum la'asar sakaliya in ɗauko kula a ƙarƙashin mayafi, in bi ta lungun bayan masallaci, in juye a kwanon tsohuwa in dawo. Ban dafa abin da tsofaffin nan biyu suke buƙata ba, abin da na san Baba ba ya iya kawar wa kai shi nake dafawa. Tuwon shinkafa da miyar taushe, man shanu na yawo a kai. Funkaso. Waina da miyar ƙashi. Kunun tsamiya mai kauri wanda na narka wa mazarƙwaila, ranar Juma'a kuma in ɗora alkaki a gefe. Ina narka mazarƙwailar ina gaya wa kaina ai wannan ba sukari ba ce, ruwan rake ne, abin da kakanninmu suka sha suka kai casa'in. Ƙarya nake yi wa kaina, domin da kunnena na ji amarya tana gaya wa gwaggo cewa mazarƙwaila da zuma da sukari duk hanyarsu ɗaya a jikin mai wannan ciwo. Bayan mako guda na tambayi tsohuwa, kamar ba da wata manufa ba, ko ana cin abincin. Ta ce ai kwanon har suɗe shi ake yi, kuma mijinta ya ce mahaifina ne ke kan gaba. A hanyar komawa gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa don murna.

Wata bakwai ina wannan aiki. Ƙanina ba ya dawowa daga hanya sai bayan isha'i, dattijai kuwa ba sa kai zancen tabarma cikin gida, balle Baba ya roƙe su su rufa masa asiri. Lambar na'ura ta fara hawa, amarya ta rasa gane kanta. Ta rage malmalar tuwo, ta sauya hatsi, ta koma asibiti aka ƙara magani, duk a banza. Baba ya fara barin abincinta, don yana ajiye ciki. Wata rana ta zo har gidana, idanunta sun faɗa, ga ƙaramin ciki tana fama da shi, ta ce Yaya, don Allah ko Baba yana ɗan cin wani abu a nan in ya biyo. Na dube ta ido cikin ido na rantse cewa rabon Baba da ya ci ko loma ɗaya a gidana tun ranar da aka hana ni. Gaskiya na faɗa, kuma ita ce ƙarya mafi muni da na taɓa yi. Ta ba ni haƙuri a kan ta tambaya. Tana fita na wuce gidan gwaggo na ce ta je ta ga yadda 'yar Daura ke kashe mata ɗan'uwa da yunwa, ya rame ya zama kamar kara.

Da kaka ta yi, ƙaya ta soki Baba a tafin ƙafar hagu a wajen kara. Bai ma ji ba, domin ashe ciwon sugan ya riga ya kashe masa jin ƙafar. Amarya ce ta ga jini a kan buzun sallarsa bayan kwana biyu. Ta wanke, ta ɗaure, ta roƙi a kai shi asibiti a ranar. Ni da gwaggo muka ce ƙaya ce fa, wane bafatake ne bai taka ƙaya ba, aka kira wanzami ya sa magani. Ina jin kunyar rubuta wannan, amma na yi alkawarin ba zan rage komai ba: ko a lokacin ban daina kai kula ba. Na ƙara mako biyu, saboda ina tsoron in na daina rana ɗaya a tambayi dalili. Ciwon ya ƙi rufewa, ya fara wari, babban yatsa ya yi baƙi. Sai dangi suka taru a tsakar gida, gwaggo ta miƙe ta ce yarinyar nan ce ta tsotse masa jini da tsagar yatsa kullum, ta hana shi abincin da zai ba shi ƙarfi, ta mayar da shi akuya mai cin ganye. Kowa ya kawo tasa. Aka juyo gare ni a matsayina na babba, na ce ni dai shekara takwas ina ciyar da shi ko ciwon kai bai yi ba. Wannan maganar ce ta yanke hukunci. Ƙanina, idonsa ja, ya ce wa matarsa ta je gida tukuna har ƙura ta lafa.

Kafin ta hau mota sai da ta biyo ta gidana. Na ɗauka zagi ta kawo, har na gyara zama. Sai ta durƙusa ta miƙo mini na'urar gwajin da wata takarda da ta rubuta duk abin da Baba zai ci da wanda ba zai ci ba, da Hausa, dalla-dalla. Ta nuna mini yadda ake tsaga yatsa. Ta ce ta sani watakila ita ce ta yi kuskure a wani wuri, amma ta haɗa ni da Allah in bi takardar nan ko da na wata ɗaya ne. Ta ce in yafe mata in ta taɓa ɓata mini. Na karɓa, na ce Allah ya kiyaye hanya. Ga shi na samu abin da nake nema, tukunyar ubana ta dawo hannuna, babu mai yi mini shamaki. Na shiga madafi na tsaya a gaban murhu, na kasa ko hura wuta.

Kwana huɗu bayan tafiyarta zazzaɓi ya rufe Baba, aka kwashe shi zuwa Daura, daga can aka tura mu Katsina. Likitan da ya duba shi ya karanta takardar amarya da na nuna masa, ya ce wanda ya rubuta wannan ya san abin da yake yi, kuma mai cin wannan abinci yana shan maganinsa bai kamata jininsa ya kai haka ba, sai dai in akwai wani abin da yake ci a gefe. Ina tsaye a bakin gado. Baba ya buɗe ido ya ce wa likita kwaɗayinsa ne, shi ke saye a kasuwa, kada a ɗora wa kowa. Aka yi ta ƙoƙari kwana da kwanaki, amma ruɓar ta riga ta haura. Ranar wata Talata aka shiga da shi, aka fito da shi babu ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa.

Bayan kamar mako guda, da hantsi, ƙanina ya fita sayen magani, ya rage daga ni sai Baba. Ina ba shi faten wake a baki, wanda na dafa bisa takarda. Ya ci cokali uku ya ɗaga hannu. Ya ce uwata, yaushe za ki je ki dawo da yarinyar nan. Na ce ai wannan maganar mijinta ce. Ya ce a'a, maganarki ce. Sai ya gaya mini, a hankali, yana kallon silin, cewa tun lomar farko ya gane. Ya ce shekara arba'in yana cin wannan hannu, a wurin mahaifiyata sannan a wurina, ko a cikin duhu aka ba shi zai shaida shi, balle matar amininsa da ya san ba ta iya miya ba tun tana amarya. Ya ce a ranar farko ya yi niyyar janye hannunsa, sai ya yi tunanin cewa 'yar da ta kai ga zagayawa ta gidan maƙwabci don ta ciyar da ubanta, akwai ciwo a zuciyarta, kuma shi ya ji mata shi da ya riƙa yabon wata a gabanta. Ya ci ne don labari ya iso mini cewa ya ci. Ya ɗan yi murmushi ya ce daga baya kuma ba zai yi wa Allah ƙarya ba, kwaɗayi ya karɓi ragamar. Ya ce ƙafa tasa ce, ya yafe mini ita duniya da lahira. Amma sunan yarinyar nan da aka ɓata ba nasa ba ne, ba shi da ikon yafe shi, shi kansa yana cikin masu neman gafararta tunda ya yi shiru ranar da aka kore ta. Kwanon faten ya suɓuce daga hannuna, na durƙusa a ƙasan gadon ina kuka har masu jinyar gado na kusa suka zo suna ba ni haƙuri, sun ɗauka rasuwa aka yi.

A ranar na gaya wa ƙanina. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya dube ni kawai ya fita. Da muka dawo gida na tara waɗanda suka taru ranar farko, a tsakar gidan nan dai, na faɗi komai da bakina. Gwaggo ta yi ta salati tana tafa hannu. Matar aminin Baba, da labari ya kai mata, ta aiko a gaya mini cewa na mayar da ita wuƙa tana sa mini albarka, kuma har yau in na gaishe ta da kai take amsawa. Mijinta kuwa ya daina fitowa tabarma wata da watanni, yana cewa da hannunsa ya tura wa amininsa kwanon. Sannan na hau mota na tafi Daura, na shiga gidan iyayen yarinyar da na kusa haifa, na durƙusa a gabanta na faɗa mata komai, cikinta ya tsufa, mahaifiyarta na zaune tana ji.

Amarya ta yi kuka sosai. Ta ce watannin nan duk ta ɗauka ita ce ke kashe shi, kullum tana bin girkinta a zuciya tana neman inda ta yi kuskure. Da ta share hawaye sai ta yi mini tambaya ɗaya. Ta ce Yaya, me ya hana ki ce in nuna miki. Ta ce tun farko burinta ke nan, ni in riƙa dafa abin da ke cikin takardar, domin ta san hannuna ya fi nata nesa ba kusa ba, kuma da ni ce ke yi da Baba bai taɓa marmarin wani abu ba. Sau uku tana zuwa gidana da niyyar roƙona, kwarjinina yana hana ta. Ashe ƙofar a buɗe take tun ranar farko, girman kai ne ya sa na haura katanga.

Ta dawo ɗakinta, ta haifi 'ya mace. Yanzu kwana uku a mako ni ke yi wa Baba girki, a madafinta, ita ke auna mini gishiri da mai, ni kuma na nuna mata yadda ake sarrafa daddawa da citta da tafarnuwa har miya ta yi daɗi babu dunƙule. Ashe abincin lafiya ba sai ya zama horo ba, kuma da na sa basirata a nan tun farko da kowa ya huta. Jinin Baba ya daidaita. Fatauci dai ya ƙare, masallacin da ke jikin gida ma sai da sanduna biyu. Ƙanina yana gaishe ni, amma gaisuwar ba ta wuce lafiya lau, kuma ban ga laifinsa ba.

'Yan'uwana mata, da ma maza, ga abin da na koya da tsada. In likita ya kafa wa naku doka a kan abinci, ba ƙiyayya ba ce, kuma mai bin dokar nan ba rowa take yi masa ba. Kada ku ce ɗan kaɗan ne, kada ku ce yau kawai, kada ku ce ai na gargajiya ne ba ya cutarwa. Masu zama a ciyayya da masu kai wa mara lafiya gaisuwa da kwano, ku tambayi mai jinyarsa kafin ku matsa masa, domin kunya tana sa dattijo ya ci abin da zai kwantar da shi. Kuma duk wadda ta ji zuciyarta na tafasa don an yabi wata a kan abin da take ganin nata ne, ta tsaya ta kira abin da sunansa tun bai sa rigar tausayi ba. Ni ban taɓa ƙin ubana ba ko na minti ɗaya. So nake ya ci gaba da zama nawa, ban tsaya na tambayi kaina ko zai ci gaba da zama lafiya ba.

Sallar da ta wuce na shiga kasuwar Daura zan yi wa Baba sayayya. Na zaɓar masa yadi da hula, na tsaya wurin mai takalma na nuna wani mai kyau na fata, na faɗi lambarsa. Mai shago ya ɗauko, ya haɗa ƙafa biyu ya sa a leda, ya ce Allah ya sa Alhaji ya kashe su lafiya. Na biya kuɗin, na fito, na samu gindin wata bishiya na zauna. Na daɗe a wurin da ledar a cinyata, ina tunanin yadda zan shiga gida in miƙa wa ubana ita.